Tazarar dashe a gonar wiwin masana'antu: damina uku ta wani manomi a Kentucky

Asalin gonar da mai ita

Gonar tana tsakiyar jihar Kentucky a Amurka, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga birnin Lexington. Mai ita ya haura shekara hamsin, kuma manomin taba ne gaba da baya. Ubansa taba ya noma, kakansa ma haka, irin tabar nan da ake rataye ta a dogayen rumfunan katako iska ta busar da ita. A 2004 gwamnatin tarayya ta soke tsarin rabon kaso da tallafin farashi da ya daɗe yana riƙe da ƙananan manoman taba, sana'ar ta fara ja da baya. Abin da ya rage masa shi ne kayan aiki: injin dashe da tarakta ke ja, gidan rainon iri, da rumfar shanya mai hawa-hawa.

Dokar noma ta Amurka ta 2014 ta ba jihohi damar gwada noman wiwin masana'antu ƙarƙashin lasisi, ma'aikatar gona ta Kentucky kuma tana cikin waɗanda suka fara bayarwa. Tsiron jinsi ɗaya ne da tabar wiwi da kowa ya sani. Bambancin a wajen doka shi ne sinadarin THC mai sa maye kada ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari na busasshen nauyi. A Najeriya babu wannan rabewar, noman wiwi kowane iri laifi ne.

Ana noma shi don ɗaya daga abu uku: zare, ƙwayar iri, ko fure. Na zare ana zuba shi da kauri ƙwarai, kamar yadda ake yi wa rama idan igiya ake so, don kara ya miƙe ya yi tsawo babu rassa. Na fure, wanda ake tatsar CBD, wani sinadari da ba ya sa maye, daga gare shi, akasin haka ne. Macen tsiro kaɗai ake dasawa, ana so ta yi rassa ta baje kamar ƙaramar bishiya, domin a kan rassan furen yake. Na furen manomin ya zaɓa, don shi ne ke da kuɗi a lokacin, kuma aikinsa ya fi kama da na taba.

Yuni zuwa Agusta 2018: dashen farko

Ya karɓi lasisi, ya sayi iyayen tsirrai, ya yanko rassansu ya rene su da kansa a gidan raino, don haka kuɗin dashe bai dame shi ba. A makon farko na Yuni ya dasa eka biyu. Bai taɓa saitin injin ba ta wajen layi: inci 42 tsakanin layi da layi, wato mita ɗaya da ɗan ɗoriya, kamar yadda yake yi wa taba. A cikin layi ya buɗa zuwa inci 30. Lissafin ya ba da tsiro kusan 5,000 a kowace eka. Taba takan kai 6,000 ko fiye, saboda haka a ganinsa ya ma yi sakin hannu.

Yana da dalili na biyu. Babu maganin ciyawa ko ɗaya da aka yi wa rajista don wannan amfanin gona, sai ya yi tunanin idan ganye ya rufe ƙasa da wuri, inuwa za ta kashe ciyawar. Taki kuwa ya zuba shi a ma'aunin taba, wadda aka sani da cin takin nitrojin.

A watan Yuli gonar ta yi kyan da maƙwabta ke tsayar da mota su duba. Ciyawa ta mutu kamar yadda ya zata. Kafin Yuli ya ƙare rassan layi sun haɗe da na layin da ke kusa, tarakta ta daina shiga. Zuwa tsakiyar Agusta mutum ma sai ya kutsa da kafaɗa. Duk wanda ya durƙusa ya leƙa ƙasa zai ga ganyen ƙasa sun yi rawaya suna zuba, rassan ƙasa sun sirance sun bushe, tsirran kuma sun miƙe sama suna tseren neman rana. Furen da ya fara fitowa a saman kai kawai yake.

Satumba 2018: ruwa da ruɓa

Shekarar 2018 ta fi duk shekarun da suka gabace ta ruwan sama a tarihin awon da ake yi a Lexington, sama da inci 70, kuma Satumba na cikin watannin da suka fi jiƙa. A tsakiyar gonar ganye ba ya bushewa sai rana ta take, wata rana ma ba ya bushewa sam. Ɗige-ɗigen cutar ganye suka fara daga ƙasa suka hau. Bayansu sai fumfuna mai launin toka, wadda ke kama curin fure daga ciki. Daga waje curin yana nan kore, sai an buɗa shi da yatsa a tarar da cikinsa ya yi laushi ya koma ruwan ƙasa. Tsutsar da ke cin kan masara ta ƙara dagula lamarin: tana huda furen, raunin da kashinta su zama ƙofar ruɓa. Da yake ba a iya ratsa layukan, ba a gan ta ba sai da ta yi ɓarna.

Abu huɗu ya gwada cikin mako uku.

Da fari ya sa ma'aikata su tsinke ganyen ƙasa don iska ta samu hanya. Mutum huɗu suka yi kwana biyu ba su gama rubu'in eka ba, kuma suna kutsawa cikin jiƙaƙƙun rassa suna karya wasu. Ya dakatar da aikin.

Ya nemi maganin feshi. Babu wanda doka ta amince da shi, mai sayen kayan kuma ya riga ya faɗa masa za a gwada furen a ɗakin bincike, idan aka ga ragowar magani ba zai karɓa ba.

A tsakiyar Satumba ya sare kowane layi na uku gaba ɗaya. Wannan ne ya fi ba shi zafi. Tsirran da suka rage sun tashi ne suna jingine da juna, karansu siriri, nauyinsu duk a sama. Da aka cire majinginin, iskar hadari ta farko ta kwantar da da yawa, furen ya taɓa laka.

Daga ƙarshe ya girbe da wuri, a makon ƙarshe na Satumba, kafin furen ya gama nuna. Ya rataye tsirran a rumfar taba, amma sun shiga da danshi kuma iskar waje ma a jiƙe take, fumfunar ta ci gaba da aikinta a rataye. Wajen rabin abin da ya fito daga tsakiyar gonar zubar da shi aka yi. Wanda ya tsira kuma CBD ɗinsa bai kai yadda aka so ba, saboda girbin wuri.

Abu ɗaya ya rubuta a littafinsa: layukan bakin gona, masu fili ta gefe ɗaya, sun fi na ciki faɗi nesa ba kusa ba, furensu ya sauko har kusa da ƙasa, kuma ruɓa ba ta cika kama su ba.

2019: buɗa tazara har ta yi yawa

Ranar 20 ga Disamba 2018 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a sabuwar dokar noma wadda ta cire wiwin masana'antu daga jerin haramtattun ƙwayoyi na tarayya. Sanata Mitch McConnell na Kentucky ne ya tsaya tsayin daka a kan wannan sashe. Manoma suka yi caa a kai, a 2019 filin da aka ba wa lasisi a faɗin ƙasar ya haura eka 500,000.

Manomin ya faɗaɗa zuwa eka biyar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: ya toshe layi ɗaya na injin, tazarar layi ta koma inci 84, wato ƙafa bakwai, a cikin layi kuma ƙafa shida. Tsiro 1,000 da 'yan kai a eka, kashi ɗaya cikin biyar na bara.

Ba da niyya ba, dashen ya rabu biyu. Rabin eka da ke kan tudu ya samu shiga a makon farko na Yuni. Sauran filin ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, tarakta ba ta iya takawa ba sai mako na biyu na Yuli.

A nan ne halin tsiron ya bayyana. Irin da yake dasawa ba da shekarunsa yake fure ba, da tsawon yini yake yi. A Kentucky yini yakan kai kusan awa 14 da minti 45 a ƙarshen Yuni, ya sauko ƙasa da awa 14 cikin kwanakin farko na Agusta. Daga nan tsiron yake karkata ga fure, ya ɗan ƙara miƙewa na 'yan makonni, sannan girma ya tsaya. Manomin dawa a ƙasar Hausa ya san wannan hali sarai: kaura ko farafara da aka shuka da ruwan fari da wadda aka shuka a makare kusan tare suke fitar da kai, sai dai ta makaren gajera ce. Dashen Yuni ya samu wajen mako tara yana girma kafin fure. Na Yuli mako huɗu kawai ya samu.

Dashen Yuli bai wuce ƙugun mutum ba, faɗinsa bai kai ƙafa uku ba, yana zaune a fili mai ƙafa bakwai. Rana ta samu ƙasa, ciyawa ta ce salamu alaikum. Masu ƙarfin cikinsu biyu ne: wata dangin zaki-banza mai saurin tsawo, da wata dangin dawa mai yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, wadda in an sare ta sai ta sake tohowa. Kuɗin da bai kashe a kan dashe ba ya tafi ga masu fartanya. Sai kuma Satumba ta zo da fari mai tsanani a jihar, buɗaɗɗiyar ƙasar ta bushe ta tsage. Ruɓa kam babu ita, furen tas yake. Amma eka huɗu da rabi ba su cika rumfar da eka biyu suka cika bara ba.

Dashen Yuni na kan tudu, a tazara iri ɗaya, ya fi mutum tsawo, ya cika wurinsa har ya kusa taɓa maƙwabcinsa. Matsalarsa dabam ce: rassan sun yi tsawo sun yi nauyi, iska ta tsage wasu daga gindi, karan kuma ya yi kaurin da wuƙar yankan taba ba ta cinsa.

Kafin ya gama busarwa kasuwa ta cika ta batse. Farashin busasshen fure ya faɗi da fiye da rabi tsakanin tsakiyar 2019 da farkon 2020, wasu manyan kamfanonin sarrafa shi a jihar suka durƙushe.

Hunturun 2019 zuwa 2020: sake duba lissafi

Ya kai littafinsa da hotunan wayarsa wajen malamin gona na ƙaramar hukumarsu, ɗaya daga cikin waɗanda ke aiki ƙarƙashin Jami'ar Kentucky. Shi lamba ya je nema, ƙafa nawa zai bari. Malamin bai ba shi ba. Ya tambaye shi faɗin tsironsa a ranar girbi a kowace shekara, da ranar da ya dasa kowane kashi. Bai taɓa aunawa ba, sai daga hotuna suka ƙiyasta. Suka tsara ƙaramin gwaji a eka ɗaya, tunda dai babu mai saye da zai sa a noma fiye da haka.

A Disamba 2019 hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince da magunguna goma don wannan amfanin gona, tara daga cikinsu na halitta ne, har da waɗanda aka samo daga darbejiya. Babu na ciyawa a ciki.

Daminar 2020: gwajin kashi shida

Ya raba ekar gida shida. Ranar dashe biyu: makon farko na Yuni da makon farko na Yuli. Tazara uku a kowace rana: ƙafa biyar tsakanin layi da ƙafa uku a ciki, tsiro kusan 2,900 a eka, shida da huɗu, kusan 1,800, shida da shida, kusan 1,200. Iri ɗaya ya yi amfani da shi ko'ina. Ya juya layukan suka bi hanyar iskar da ta fi kaɗawa a wurin, daga kudu maso yamma. Tsakanin layuka ya shuka gajeriyar ciyawar rufe ƙasa yana aske ta da inji, shi ya sa bai sauko ƙasa da ƙafa biyar ba, faɗin injin askin ke nan. Ya kuma rage takin nitrojin ƙasa da ma'aunin taba.

Awo uku yake yi kowane mako. Yana ɗora sanda mai alamar ƙafa a kan tsiro ya rubuta faɗinsa. Yana shiga da safe ya rubuta lokacin da raɓa ta bushe a tsakiyar kowane kashi. Daga fitowar fure kuma yana buɗa curi a tsiro ashirin na kowane kashi yana neman ruɓa da tsutsa.

Dashen Yuni mai biyar da uku ya rufe a tsakiyar Agusta. Shi ne na ƙarshen bushewa kowace safiya, shi ne kuma ya fi ruɓa, ko da yake bai kai na 2018 ba. Mai shida da shida ya maimaita halin na kan tudu: manyan tsirrai masu tsabta, da turaku da igiya don tallafe rassa, da kara mai kauri da ya fi kowane daɗewa kafin ya bushe a rumfa.

Mai shida da huɗu ne ya tsaya a tsakiya. Zuwa ƙarshen Satumba rassa sun taɓa juna a cikin layi, suna ɗan tallafar juna idan iska ta taso, amma tsakanin layi da layi akwai hanyar da mutum zai bi ba tare da ya karya komai ba. Raɓa tana bushewa da hantsi. Da tsutsar masara ta iso, ya gan ta a makon farko, aka tsince ta da hannu. Wannan kashin ne ya ba da fure mai tsabta mafi yawa a kan faɗin ƙasa ɗaya.

Abin da bai zata ba shi ne dashen Yuli mai biyar da uku. Tazarar da ta ruɓar da na Yuni ita ce ta yi wa na Yuli daidai. Tsirran ƙanana ne, ba su rufe hanya ba, sun yi sauƙin yanka da ratayewa, amfanin kuma ya biyo bayan na shida da huɗun Yuni kusa da kusa. Ya ci dashe da yawa, amma ya rage makonni huɗu na noman ciyawa. Sauran kashi biyun na Yuli ƙasa suka ɓata kawai.

Jami'an jiha sun zo sun yanki samfur kafin girbi kamar yadda doka ta tanada. Duk kashi shidan suna ƙasa da 0.3, kuma babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu. Wannan ya zo daidai da abin da masu bincike na Jami'ar Cornell suka gano, cewa gadon irin ne ya fi yanke hukunci a kan ko tsiro zai haura iyakar THC, ba wahalar da ya sha a gona ba. Sai dai THC yana hawa tare da CBD yayin da fure ke nuna, don haka jinkirin girbi yana da haɗari, manyan tsirrai masu wuyar yanka kuwa jinkiri suke jawowa.

2021: inda aka tsaya

Farashi bai farfaɗo ba. Ya dasa rubu'in eka kawai, a tazarar shida da huɗu, don wani ƙaramin mai saye da ke son fure mai kyan gani. Sauran filin ya koma ciyawar shanu da 'yar tabar da yake da kwangilarta.

Hukunci a kan lamarin

Kuskuren 2018 da na 2019 tushensu ɗaya. Sau biyu ya zaɓi tazara yana kallon ɗan dashen da ke hannunsa a watan Yuni, alhali girman da tsiron zai kai a ƙarshen Satumba ne ya kamata ya auna. Girman nan kuwa yawan makonnin da ke tsakanin ranar dashe da ranar da yini zai gajarta ne ke tsara shi, sai irin da taki su ƙara ko su rage. Shi ya sa ƙafa biyar da uku ta zama cunkoso ga dashen Yuni, ta zama daidai ga na Yuli, a gona ɗaya, a shekara ɗaya.

Matakan ceto na Satumbar 2018 sun gaza ne saboda siffar tsiron ta riga ta kafu. Rassan ƙasa da inuwa ta kashe a Agusta ba sa dawowa, karan da ya tashi siriri ba ya yin kauri don an ba shi fili daga baya. Da sare layin nan a tsakiyar Yuli aka yi shi, kafin rassa su haɗe, da wataƙila ya yi amfani.

Bai kamata a ba tazara duk yabon 2020 ba. A shekarar ya rage taki, ya juya layuka, ruwan ƙarshen damina kuma bai kai na 2018 ba. Kwatancen da za a iya dogara da shi shi ne na tsakanin kashi shidan, domin su ne suka sha taki ɗaya da ruwa ɗaya. Ko shi ma gwajin shekara ɗaya ne, a eka ɗaya, da iri ɗaya, ba a maimaita kowane kashi ba.

Lambobin kuma na Kentucky ne, inda ƙarshen damina ke da zafi da danshi. A busasshiyar jiha kamar Colorado ruɓa ba ta da wannan ƙarfin, ana iya matsewa fiye da haka. Kusa da tsakiyar duniya lissafin ma juyewa yake yi. A Ghana, inda majalisa ta gyara doka a 2023 don a iya ba da lasisin noman irin da bai wuce 0.3 ba, yini ba ya yin nisa da awa 12 duk shekara. Irin da ya fi mutum tsawo a kan tudun Kentucky, idan aka kai shi can, zai shiga fure ne tun yana ƙarami, ƙafa shida da huɗu kuma ta bar masa filin da ba zai iya cikawa ba.